Koren Akwatin da Lawwali Ya Zana

A Matameye, in mutum yana son a buga masa takarda mai tsabta, wadda ba za a dawo masa da ita daga biro, wato ofis, ba, wurin Lawwali ake tura shi. Dogo ne siriri, ya ɗan ranƙwafa irin na masu daɗewa a gaban na'ura, kuma maganarsa ba ta da yawa. Mutanen gari suna ce masa Lawwali Ordinatar. Shi kuwa kwamfuta yake cewa, don a Kano ya koyi aikin, bakinsa bai taɓa sabawa da sunan Faransanci ba.

Ɗan manomi ne. Ya yi lakwal, makarantar boko, har ya shiga kwaleji, sai mahaifinsu ya rasu, karatu ya tsaya. Ya bi samarin unguwa cin rani Kano, ya sayar da rake, ya tura ruwa, daga baya ya samu gadi a wani shagon buga takardu. Mai shagon ya lura yana karanta Faransanci, yana kuma da haƙurin zama, sai ya ɗora shi a kan kujera. Rani bayan rani yana komawa, har hannunsa ya faɗa. Da ya ga ya tara abin da zai sayi tsohuwar kwamfuta da injin bugawa, sai ya dawo gida, ya kama shago kusa da tasha, ya auri Maryama, ya zauna. Takardar neman aiki, katin biki, takardar sayen gona, duk shi ne.

Lawwali yana da wa guda, wanda ya riƙe shi bayan rasuwar mahaifinsu, shi ma Allah ya yi masa rasuwa da ƙuruciya. Aminin wannan wan shi ne Mahamadu, mai garka a fadamar da ke hanyar Tsauni, inda yake noman rake da tumatir da kabeji. Mahamadu ne ya yi wa gawar wanka, shi ya shiga kabari ya karɓe ta. Tun daga ranar Lawwali ya mai da shi madadin wansa. Yaya yake ce masa, kuma ba ya yanke wata shawara sai ya kai masa.

Mahamadu mutum ne mai baki. In ya tashi magana a taro, har wanda ya zo da niyyar musu sai ya samu kansa yana gyaɗa kai. Shi ya fara kawo kukan masu garka a bencin Lawwali: kaya suna nuna lokaci guda, 'yan sari su zo daga ƙetaren iyaka su faɗi abin da suka ga dama, wanda ya ƙi sayarwa tumatirinsa ya ruɓe a kwando. A nan kan bencin aka haifi ƙungiyar masu garka. Mahamadu ya zama shugaba, Lawwali sakatare. Shugaba yana magana, sakatare yana tafiya. Lawwali ne ya riƙa rufe shago ya hau moto, wato babur, ya bi ƙauyukan Tsauni da na Yauri, ya zauna a gindin bishiya yana yi wa tsofaffi bayani har su yarda. Shi ya rubuta dokokin ƙungiya, shi ya yi ta zirga-zirga Damagaram har aka ba su izini. Maryama takan yi ƙorafi cewa shago a rufe ba ya cika tukunya, yakan ce mata ta yi haƙuri, abin nasu ne.

Bayan 'yan shekaru wani foroje mai taimakon manoma ya ji labarinsu. Aka turo wata ma'aikaciya, Madam Anisa, mace mai saurin magana da son aiki a tsare. Ta duba takardunsu ta yaba, amma ta ce abu guda ya rage, organigiram. Mahamadu ya kalli Lawwali, Lawwali ya kalli ƙasa. Ta yi musu bayani cewa zane ne da ke nuna wa ke sama da wa a ƙungiya, wa ke karɓar umarni daga wa, kowa a cikin akwatinsa da layi yana haɗa su. Ta ce a cikin PowerPoint ake yi, don a iya haskawa a bango ranar taro.

Lawwali ya zauna wa abin kamar mai koyon saƙa. Farkon da ya yi, ya jera akwatuna ɗaya bayan ɗaya, ya ja layuka da hannu, sai ya matsar da akwati guda, layin ya tsaya a inda yake yana lilo. Ya share, ya sake. A hankali ya gano cewa akwai layin da ake manna wa gefen akwati, duk inda akwatin ya tafi sai ya bi shi. Ya gano yadda ake kama akwatuna duka a ce wa na'ura ta daidaita kawunansu, ta raba tazara daidai a tsakaninsu. Ya koyi cewa in suna ya yi tsawo, gara a faɗaɗa duk akwatunan jerin da a ƙanƙance rubutun mutum guda, don mai sunan zai lura.

Kuma mutane suna lura. Ranar da ya fara manna zanen a bangon shago, wani tsoho, Manu, wakilin masu garkar Yauri, ya tsaya a gabansa ya daɗe. Bai iya karatun boko ba, amma ya sa aka nuna masa akwatinsa, ya auna da ɗan yatsa, ya ga na Tsauni ya ɗan fi nasa tudu. Ya tambaya cikin ladabi ko akwai laifin da Yauri ta yi. Lawwali ya ba shi haƙuri, ya koma ya gyara. Daga nan ya fahimci cewa a wannan aiki faɗin ɗan yatsa yana iya ɓata zumunci. Ya zama in zai yi zane sai ya tambayi wa ya girmi wa, wa ba ya shiri da wa, kafin ya taɓa linzamin kwamfuta. Suna ya fita. Daraktocin lakwal, kwamitin rijiya, ƙungiyar matan da ke tuyar ƙuli, duk suka riƙa zuwa a zana musu.

Ƙungiyar masu garka ta yi ƙarfi. Mahamadu ya je Makka ya dawo Alhaji. Foroje ya gina musu ɗakin ajiyar kaya, ya kawo injinan ban ruwa, sannan ya ce aiki ya fi ƙarfin masu sa kai, dole a ɗauki jeran, wato mutum guda da zai riƙe harkar kullum, da albashinsa, ba shi da wani aiki sai wannan.

Bayan an gama girbin gero, wata rana da hantsi, Alhaji Mahamadu ya zo shago ya zauna a benci, ya jira har mai katin biki ya tafi. Ya ce wa Lawwali ya buɗe zanen ƙungiya. Ya nuna da yatsa ƙarƙashin akwatin shugabanni, sama da na magajin ɗakin ajiya da masu kula da injina, ya ce a nan za a sa akwatin jeran.

"Naka ne," ya ce. "In ba kai ba wa? Amma ka bar shi babu suna. Kada a ce sakatare ya rubuta kansa. Ranar babban taro ni zan faɗi sunan da bakina, kai kuma ka rubuta a gaban kowa."

Lawwali ya yi godiya. Alhaji ya ƙara da cewa taron ba zai yiwu ba sai wakilan ƙauyuka sun cika, su kuwa Lawwali suke ji, don haka ya ɗaure ya zagaya ya tattaro su. Da zai tashi ya dubi shagon, ya ce jeran ba ya raba hankali biyu, ya kamata ya fara tunanin yadda zai yi da wannan wuri.

Lawwali bai taɓa ba wa wani akwati lokacin da ya ba wannan ba. Ya sauke jerin ƙasa gaba ɗaya don ya samu sarari, ya sake manna layukan. Akwatunan shugabanni shuɗi ne, na ma'aikata fari, sai ya rasa launin da zai ba na tsakiya. Ya gwada ruwan ɗorawa, ya ga ya yi ƙara. Ya gwada toka-toka, ya ga ya mutu. A ƙarshe ya tsaya a kan kore, irin na ganyen kabeji, da farin rubutu. Sau ɗaya ya rubuta sunansa a ciki don ya ga ko zai shiga, ya kalle shi, kunya ta kama shi ko da yake shi kaɗai ne a shagon, ya share.

Maƙwabcinsa Idi, mai sayar da kayan wayar salula, ya daɗe yana son ya fasa bangon da ke tsakaninsu ya faɗaɗa. Lawwali ya je wurin mai shagon ya ce ya saki, a ba Idi. Ya kwashe kwamfuta da injin bugawa ya kai ɗakin zaure a gida. Maryama ta tambaye shi ko maganar nan an yi ta a gaban wani, ko kuwa tsakaninsu ce kawai. Ransa ya ɓaci. Ya ce mata mutumin da ya sa wansa a kabari ba ya buƙatar shaida. Ta koma kan aikinta. Shi kuma ya hau moto ya bi ƙauyuka, gida gida, yana cewa kowa ya zo, ranar babba ce.

Suka kuwa zo. Ɗakin taron da aka ara ya cika har waje, maza a kan kujeru, mata a tabarmi ta gefe. An rataya farin ƙyalle a bango, Lawwali ya haɗa majigi da kwamfutarsa, ya zauna a ƙaramin tebur a gaba, cikin riga sabuwa da Maryama ta sa aka ɗinka ba tare da ta gaya masa ba. Madam Anisa tana jerin gaba. Aka yi addu'a, aka karanta rahoto, shafi yana bin shafi. Da aka iso zanen, idanu suka koma kan bango. Kowa ya ga koren akwatin a tsakiya, babu komai a ciki sai ɗan sandan rubutu yana ƙiftawa.

Alhaji Mahamadu ya miƙe. Ya fara da tarihin ƙungiya, ya ce da babu Lawwali da babu wanda zai zauna a ɗakin nan. Ya faɗi ranakun da ya rufe shago, da faɗuwar da ya yi da moto a rairayin hanyar Yauri, da yadda bai taɓa neman ko kuɗin mai ba. Mutane suna gyaɗa kai. Lawwali ya sunkuyar da kai, ya ɗora yatsu a kan madannai. Sannan Alhaji ya ce lokaci ya yi da za a faɗi wanda shugabanni suka zaɓa. Ya juyo.

"Lawwali, rubuta. Bashir Mustafa."

Yatsan Lawwali ya riga ya sauka. A kan farin ƙyallen, cikin koren akwatin, harafin L ya fito, ƙato, kowa yana gani. Wani daga baya ya yi 'yar dariya ya haɗiye ta. Tsoho Manu, wanda bai san harafi ba, ya dubi fuskokin mutane ya gane abin da ya faru, ya sa hannu ya rufe bakinsa. Lawwali ya share harafin. Ya rubuta sunan da aka ce, baƙi bayan baƙi, bai yi kuskure ba. Sunan ya zauna daram a tsakiyar akwatin, kamar don shi aka auna.

Bashir mijin 'yar Alhaji ne, an ɗaura auren bara. Yaro ne mai kunya, ya yi karatun harkar noma a Damagaram, ya dawo bai samu aiki ba. Ya miƙe, aka yi tafi. Ba tafi mai ƙarfi ba, amma an yi.

Lawwali ya ƙarasa sauran shafukan. Da aka watse ya tsaya yana naɗe wayoyi, a hankali, don kada ya haɗu da kowa a ƙofa. A nan Madam Anisa ta same shi. Ta yaba zanen, ta ce za ta nuna wa sauran ƙungiyoyi su yi koyi. Sannan ta ce ita dai ta ji haushi da ya ƙi aikin, don sunansa ta fara kawowa, kuma a wurinsu difilom, takardar shaidar karatu, ba dole ba ne ga wanda ya san mutanen kamar shi. Amma tun da damina shugaba ya gaya mata cewa sun yi magana, Lawwali ya ce ba zai iya rabuwa da shagonsa ba. Ta ce ta fahimta, kowa da abin da ya fi masa.

Lawwali ya tambaye ta, tun da damina? Ta ce ƙwarai, gero bai ma fitar da kai ba lokacin da suka gana da Bashir. Ya ce to, ya gode. Ya ɗauki kayansa ya fita.

Bai je gida ba. Ya ajiye kayan a wurin wani tela, ya yi azahar, ya yi la'asar, sannan ya hau moto ya nufi fadama. Ya tarar da Alhaji a bakin rijiyar garka, ya tuɓe babbar riga, yana duba tiyo. Suka gaisa kamar kullum. Lawwali ya faɗi abin da Madam Anisa ta gaya masa, bai ɗaga murya ba, ya tambaya ko haka ne.

Alhaji bai musa ba. Ya ce yaron nan yana zaune babu aiki, 'yarsa tana da ciki, shi kuma Lawwali yana da sana'a a hannu, ko ina ya je zai ci abinci. Ya ce 'yarsa ai 'yar Lawwali ce, abin bai fita gida ba.

"Da ka gaya mini haka, Alhaji, da na rubuta sunansa da kaina tun a shago," Lawwali ya ce. "Me ya sa ka ce mini nawa ne?"

Alhaji ya ci gaba da murɗa bakin tiyo. Can ya ce, "Da na gaya maka, da za ka zagaya ƙauyuka ka kawo mini mutane?"

"Da zan zagaya."

"Haka kake gani yanzu."

Lawwali ya ce ya saki shago. Alhaji ya ɗago, ya ce shi bai ce a yi gaggawa ba, tunani kawai ya ce a fara. Ya ce zai yi wa Idi magana. Sannan ya dube shi da kyau, ya tambaya tun yaushe ya koma Alhaji a bakinsa, ina Yaya. Lawwali ya juya wurin motonsa. Ya yi sallama ya tafi.

Maganar Idi ba ta yi amfani ba, ya riga ya fasa bango ya jera kaya. Maryama kuwa labari ya riga mijinta isa gida, matan da suka je taro sun kai mata. Ta kawo masa ruwa, ta kawo tuwo, ba ta tuna masa da tambayar da ta yi ba. Sabuwar rigar ta ninke ta sa a ƙasan akwati. Wannan shirun nata ya fi masa nauyi da a ce ta yi faɗa.

Bayan kwana kaɗan Bashir ya zo zaure, ya durƙusa har ƙasa. Ya rantse bai san an yi wa Lawwali alkawari ba, shi ma an ce masa Baba Lawwali ne ya ƙi. Ya roƙe shi ya ci gaba da zama sakatare, ya ce ba zai iya ba sai da shi. Lawwali ya yarda da rantsuwarsa, don ya ga idonsa. Ya zaunar da shi, ya kwafe masa duk takardun ƙungiya, ya nuna masa yadda ake manna layi da yadda ake daidaita jeri, ya gargaɗe shi a kan Tsauni da Yauri. Amma ya ce masa sakatarci ya ajiye, su nemi wani.

Tsoho Manu ya zo shi ma, da wasu mutum biyu, suka ce in zai kafa wata ƙungiya, ƙauyukansu suna bayansa. Ya gode musu, ya ce bai yi wahalar tara mutane don ya raba su ba. Dattawan unguwa suka shiga tsakani, aka haɗa su da Alhaji a ƙofar masallaci. Alhaji ya ce in ya yi kuskure a yafe masa. Lawwali ya miƙa hannu, ya ce ya wuce. A gari wasu suka ce an zalunce shi, wasu suka ce shi ma ya cika riƙo, tunda yaron yana da takarda, kuma kowane uba haka zai yi.

Ƙungiya ba ta rushe ba. Bashir ya riƙe aikin da gaskiya, ya samo masu sayen kabeji daga nesa, ɗakin ajiya yana cika yana ƙarewa. Lawwali yana jin haka daga bakin mutane, yana cewa madalla, kuma har ransa yake faɗi. Sai dai abin yana sukarsa ta wani gefe: duk abin da aka yi masa bai hana komai tafiya ba, kuma a hankali mutane suka daina ma tuna cewa an yi wani abu.

Zaure ba tasha ba ne. Wanda ya sauka daga mota da takarda a hannu ba zai bi lungu yana tambayar gidan Lawwali ba, ga shi wasu samari sun buɗe wurin buga takardu a bakin hanya. Tsofaffin abokan hulɗa suna zuwa, daraktoci masu son zane suna aikowa, amma bai kai ya riƙe gida mai 'ya'ya ba. Da rani ya kama, ya kira tsohon maigidansa na Kano, wanda yanzu ɗansa ke riƙe da shagon. Aka ce ya zo, akwai kujera.

Ranar tafiya Maryama ta ɗaure masa ƙuli da yaji a leda. Ya je tasha da safe, ya zauna a bayan mota tare da samarin da ya girme su nesa ba kusa ba, waɗansu ma shi ya buga katin sunansu. Ana jiran mota ta cika sai ga Alhaji Mahamadu a kan moto, zai wuce fadama. Ya hango shi, ya tsaya, ya zo bakin taga. Ya ce bai ji labarin tafiyar ba, da ya sani da ya ba shi saƙo. Ya yi masa addu'ar sauka lafiya, ya tambaya sai yaushe.

"Sai ruwa ya sauka," Lawwali ya ce.

Haka yake yi har yanzu. Rani a Kano, yana buga takardun mutanen da bai sani ba, damina a gida, yana noma gonar gado da safe, da yamma ya buɗe zaure ga wanda ya zo. In sun haɗu da Alhaji a jana'iza ko ɗaurin aure suna gaisawa, su tambayi iyali, kowa ya nemi wurin zamansa.